Sayen Jirgin Yaƙi Ba Wuya, Kayan Gyaransa Ne Aiki

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Gomari ta Maiduguri ya san ba ya bukatar agogo. Unguwar tana maƙwabtaka da filin jirgin sama da sansanin mayaƙan sama, saboda haka tun da asuba ƙarar jirgi ke tashin mutane, kwanon rufi yana rawa, yara suna fitowa kallo. A wani gari wannan ƙara abin damuwa ce. Amma tun da fitinar Boko Haram ta ɓarke a 2009, mutanen Gomari da Bulumkutu da Ajilari sun koyi cewa shirun filin ya fi ƙararsa ban tsoro. In jirgi ya tashi, an san akwai mai leƙa dajin Sambisa da bakin Tafkin Chadi. In aka kwana biyu ba a ji motsinsa ba, sai zukata su fara ɗar-ɗar.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu kai tsaye. Da yawa daga cikin masu gadi da 'yan acaɓa da 'yan ga-ruwa da ke Agege da Idi Araba da Obalende, da na Sabon Badun da Fatakwal, ba son yawo ne ya fito da su ba. Gona ce ta gagari nomawa, hanyar Baga ta rufe, kasuwar kifi da ta shanu suka mutu. Kowannensu yana aika kuɗi gida yana tambayar labari, yana jiran ranar da za a ce masa ƙauyensu ya zaunu. Wannan rana kuwa tana rataye da abubuwa da dama, ɗaya daga cikinsu shi ne ko jirgin da ke filin Maiduguri zai iya tashi a lokacin da aka neme shi.

A daren 2 ga Disamba 2013 ne mutanen Gomari suka ga abin da ba za su manta ba. Kafin gari ya waye 'yan ta'adda suka auka wa sansanin mayaƙan sama da barikin soja da ke kusa, aka yi ta ɓarin wuta, aka sa dokar hana fita dare da rana, aka rufe filin jirgi. Da ƙura ta lafa hukumar tsaro ta ba da sanarwa cewa an lalata jirage masu saukar ungulu 2 da wasu jiragen soja 3 waɗanda dama an daina aiki da su. Ya kamata a tsaya a kan wannan jumla ta ƙarshe. An faɗe ta ne don a kwantar wa jama'a da hankali, wato asarar ba ta da yawa. Amma ga mai tunani ita ce ta fi ciwo. Jirage ne da aka saya da dukiyar jama'a don su kare gari, ga abokan gaba sun zo har bakin rumfarsu, su kuwa suna girke kamar gumaka, ba su iya kare ko kansu ba.

Jirgin yaƙi ba kamar bindiga yake ba, da za a shafa mata mai a rataye a ɗaki shekara goma a ɗauko ta yi aiki. Kowane ƙarfe da ke jikinsa yana da adadin sa'o'in da aka yanka masa. In injin ya cika sa'o'insa dole a sauke shi a warware shi kaf, ko da kuwa lafiyarsa lau. Taya da birki suna cinyewa da kowace sauka. Kujerar da ke cilla matuƙi waje in jirgi zai faɗi tana aiki ne da albarushi mai ranar ƙarewa kamar maganin asibiti. Ƙurar hunturu da zafin Maiduguri, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, suna ƙara gajarta wa kayan kwana. Roba guda da ba ta kai tafin hannu ba tana iya zaunar da jirgin miliyoyin daloli wata shida. Masana harkar sun daɗe suna ƙiyasta cewa kuɗin sayen jirgi bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da zai ci a tsawon rayuwarsa ba. Sauran kashi biyun na mai ne da gyara da kanikawa da kayan gyara.

Direban tirela da ke lodi daga Apapa zuwa Kano ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ya san dalilin da ya sa Peugeot 504 ta mallaki hanyoyin ƙasar nan bayan an buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Ba don ta fi kowace mota kyau ba ne, sai don ko a ƙauye ta mutu akwai bakaniken da ya san cikinta, akwai kuma kantin da ke da kayanta. Ya kuma san irin motar nan ta ƙawa wadda mai ita zai zagaye kasuwar Ladipo tun safe har yamma bai sami fanfon manta ba, daga ƙarshe kaji su mai da ita akurki. Bambancin kawai shi ne babu kasuwar Ladipo ta jiragen yaƙi. Kayansu suna hannun kamfani guda, kamfanin kuma ba ya sayar da ko ƙusa sai da izinin gwamnatin ƙasarsa.

Inda wannan gaskiya ta fi fitowa fili shi ne a jiragen yaƙin da ake ƙera su don tashi daga kan manyan jiragen ruwa. Nijeriya ba ta da irin wannan jirgin ruwa, amma darasin da ke cikin labarinsu nata ne. Waɗannan jirage sun fi kowane jirgi cin kayan gyara. Da majaujawa ake cilla su sama saboda gajartar fili, in za su sauka kuma sai ƙugiyar da ke wutsiyarsu ta kama igiyar ƙarfe ta tsayar da su cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ga iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe dare da rana. Saboda haka kowace sa'a guda da irin wannan jirgi ya yi a sama, sai kanikawa sun biya ta da sa'o'i masu yawa a ƙasa.

Sarkin Iran, a zamanin da yake ɗan gaban goshin Amurka, ya yi odar irin waɗannan jirage samfurin F-14 guda 80, aka kawo masa 79 daga 1976. A lokacin babu wata ƙasa ban da Amurka da ke da su. A 1979 juyin juya hali ya kawar da shi, abota ta koma gaba, Amurka ta rufe ƙofar kayan gyara. Shekara guda bayan haka yaƙi ya ɓarke da Iraƙi, aka shekara takwas ana gwabzawa. Dole Iran ta riƙa yanka jirgi ɗaya tana ciyar da ɗan'uwansa, tana bin 'yan fasa-ƙwauri a asirce da kuɗi ninki-ba-ninki. Da Amurka ta yi ritaya da nata F-14 a 2006, ba ta yi gwanjonsu ba. Daga 2007 sai ta sa aka riƙa daddatsa su gunduwa-gunduwa a hamadar Arizona, don kada ko ƙusa ɗaya ta ɓulla Tehran. Ta gwammace ta yi asarar jiragen da ta bar kayansu su fita.

Haka ta faru ga Ajantina a 1982, lokacin da ta yi yaƙi da Ingila a kan tsibiran Falkland. Ta yi odar jirage 14 samfurin Super Étendard daga Faransa, su ma na kan jirgin ruwa ne, amma 5 kaɗai suka iso tare da makamai masu linzami 5 kafin yaƙi ya tashi. Faransa ta tsayar da sauran nan take. Cikin biyar ɗin ma sai da aka sadaukar da ɗaya aka mai da shi rumbun kayan gyara don huɗu su tashi. Da waɗannan huɗu suka hallaka jiragen ruwan Ingila guda biyu, amma da makaman nan biyar suka ƙare, babu inda za a samo na shida. Ashe wanda ya sayar maka da jirgi bai rabu da shi ba. Linzamin yana hannunsa, ranar da ya ga dama ya ja.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai dai Nijeriya ba ta bukatar aron gemun kowa, nata ya sha ƙonewa. An kafa rundunar mayaƙan sama a 1964. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967, ƙasashen da ake ɗauka aminai ne suka ƙi sayar mata da jiragen yaƙi, sai da Janar Yakubu Gowon ya juya ga Tarayyar Sobiyat aka sami MiG-17, matuƙa kuma aka samo daga Masar. A 1975, lokacin da kuɗin mai ya cika baitulmali, aka sayo MiG-21. A farkon shekarun 1980 aka sayo Alpha Jet 24 daga Jamus ta Yamma. A 1984 kuma aka fara karɓar Jaguar 18 daga Ingila, jirage na gani na faɗa. Ba su cika shekara goma suna tashi ba aka girke su a Makurɗi, saboda kuɗin kula da su ya gagara. Har suka tsufa ba su koma sama ba.

Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, da kuma rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a Nuwamba 1995, ƙasashen Turai da Amurka suka ƙaƙaba wa ƙasar nan takunkumin makamai. Takunkumin bai ƙwace jirgi ko ɗaya ba, kayan gyara kawai ya hana, wannan kuwa ya isa. Mutanen Ikko kuma ba su manta da 26 ga Satumba 1992 ba, ranar da jirgin soja C-130 ya tashi daga Ikeja, injinansa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa fadamar Ejigbo da mutane fiye da 150, yawancinsu matasan hafsoshi. Duk wanda ya shaida wannan rana ya san cewa lafiyar inji magana ce ta rai da mutuwa.

To, da wutar Arewa maso Gabas ta kama sosai, da me aka fuskance ta? Da tsofaffin Alpha Jet ɗin nan na zamanin Shugaba Shehu Shagari, waɗanda suka riga suka sha wahala a Laberiya da Saliyo, kamfaninsu ma ya daina ƙera irinsu tun 1991, sai kuma F-7 15 da aka sayo daga ƙasar Sin. Da aka nemi ƙari a 2014, Amurka ta hana a sayo jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila, tana kafa hujja da zargin take haƙƙin ɗan Adam. A Satumba na shekarar, hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 da aka kai ƙasarsu cikin jirgi da sunan cinikin makamai. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi, kuma wanda ya shiga kasuwa wuta na cin gidansa, dillalai ne ke yanka masa farashi.

Ba duka laifin ba ne na ƙasashen waje. Kwamitin binciken cinikin makamai da aka kafa a 2015 ya tono abin da ya fi takunkumi muni. A Janairu 2016 Fadar Shugaban Ƙasa ta bayyana cewa cikin kayan da aka biya kuɗinsu har da jirage masu saukar ungulu 2 na hannu, waɗanda aka kawo su ba su iya tashi, ko farfela babu a kansu. Dalilin irin wannan ba ɓoyayye ba ne. Sayen jirgi yana da biki, yana da hoto a jarida, yana da kaso mai tsoka ga ɗan kwangila. Sayen birki da tiyo da matatar mai ba shi da kaɗe-kaɗe, ba wanda zai yanke kyalle a kansa. Don haka kullum kasafin saye ke ƙiba, na gyara yana ramewa.

Masu biyan wannan bashi kuwa sanannu ne. Na farko matuƙa, 'ya'yan talakawa daga kowane sashe na ƙasar nan. A 12 ga Satumba 2014 wani Alpha Jet ya tashi daga Yola bai dawo ba. A 31 ga Maris 2021 wani ya tashi zuwa fagen daga a Borno da matuƙa biyu, sai bayan shekara guda aka tsinci tarkacensa a Sambisa. Ba a cewa kowane haɗari rashin kayan gyara ne ya jawo shi, domin fagen fama yana da nasa ajali. Amma tura matashi bakin wuta cikin jirgin da ya girme shi abu ne da ya kamata ya hana shugabanni barci. Na biyu kuma talakan da ke ƙasa. A 23 ga Disamba 2021 rokoki suka faɗo a Gomari da unguwannin da ke kewaye da filin jirgi, 'yan sa'o'i kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka a garin, aka rasa rayuka. Filin ake hari, maƙwabtansa suka sha.

Gaskiya ce an ɗan farga daga baya. Cinikin Super Tucano 12, wanda aka biya dala miliyan 496 dominsa a 2018, aka karɓi jiragen a 2021, ya haɗa da kayan gyara da horar da ma'aikata da gyaran sansaninsu a Kainji. Haka ya kamata a yi tun farko. A shekarar kuma aka karɓi JF-17 guda 3 daga Pakistan, daga baya aka ƙulla cinikin jirage masu saukar ungulu daga Turkiyya da M-346 guda 24 daga Italiya. Amma a nan ma akwai abin lura. Kowane samfuri yana da nasa sifanu, nasa littafi, nasa rumbu, nasa kanikawa. Mai motocin haya da ya tara samfuri goma daga ƙasashe goma ya san gareji ne zai cinye ribarsa. Rarraba ƙafa yana kare ƙasa daga takunkumin mutum ɗaya, amma in ya yi yawa sai ya zama wani takunkumin da ƙasa ta sa wa kanta.

Abin da ya fi dacewa a duba shi ne su waye suke sayar wa Nijeriya jirage, kuma daga ina suka faro. Pakistan ta sha takunkumin Amurka a 1965, ta sake sha a 1990 lokacin da aka riƙe mata F-16 da ta riga ta biya. A farkon shekarun 1970 ta buɗe wata ma'aikata a garin Kamra, ba don ƙera jirgi ba, don warware tsofaffin jiragenta na ƙasar Sin da sake ɗaure su kawai. Daga wannan gareji ne JF-17 ya fito. Kamfanin Embraer na Barazil, mai Super Tucano, an kafa shi ne a 1969, shekara biyar bayan an kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna. Wato ƙane ne yake sayar wa wa. Ita ma Kaduna ta taɓa harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi masu suna Air Beetle, tana kuma da makarantar fasaha ta mayaƙan sama wadda asalinta ya koma 1977. Iri yana nan, ban-ruwa ne babu. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka ƙulla kwangilarta da Sobiyat a 1979, ta shafe shekaru fiye da arba'in ba ta kai ga abin da aka gina ta dominsa ba.

Bisa ga haka, akwai abubuwan da ya wajaba Gwamnatin Tarayya da Majalisar Tarayya su ɗaure wa gindi. Na farko, kada a ƙara sa hannu a cinikin jirgi sai an rubuta a ciki kayan gyara na shekaru masu yawa, da littattafan gyara, da haƙƙin yin babban gyara a cikin gida. Tun ran gini tun ran zane. Na biyu, a ware kuɗin gyara daban a kasafi, a sake shi a kan kari, kada a taɓa shi don wani biki ko sabon saye. Na uku, cinikin ya kasance tsakanin gwamnati da gwamnati ko kamfanin da ya ƙera kayan, a kori dillalai masu ofis a cikin jaka. Na huɗu, a rage yawan samfura. Na biyar, a ɗaukaka darajar bakanike. Matuƙi ne ake gani, amma wanda ya kwana da sifana a hannu shi ne ya ɗaga jirgin. In ba a kyautata masa ba, kamfanonin waje suna jiransa da albashi mai tsoka. Na shida, kwamitocin Majalisa su daina tambayar jirage nawa aka saya, su riƙa tambayar nawa ne za su iya tashi gobe da asuba. Ko da ba za a faɗi amsar a bainar jama'a ba saboda sirrin tsaro, dole a sami wanda ke jin ta, wanda kuma zai hukunta in ta zo da ƙarya.

Ba wanda ke cewa jirgi kaɗai zai kawo zaman lafiya. Abin da ya faru a Rann a 17 ga Janairu 2017, inda aka jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira mutane da dama suka halaka, ya nuna cewa jirgi mai lafiya ma yana bukatar ido mai gani da labari na gaskiya. Haka kuma babu bom da zai maye gurbin makaranta da adalci da aikin yi. Amma tunda an riga an cire kuɗi daga bakin talaka an sayi jirgi, mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne jirgin ya tashi.

Ga 'yan Arewa mazauna Kudu kuwa, suna da rawar da za su taka. Suna da sarakunan Hausawa, suna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, kuma 'yan siyasar gida suna biyo su har zango in zaɓe ya ƙarato. Ranar da ɗan majalisa ya zo yana lissafin jiragen da aka sayo, sai a yi masa tambayar da kowane direba zai yi wa dillalin mota: ina kayan gyaransu, wa zai gyara, kuma an ware kuɗin? In ya rasa amsa, a tuna masa da jirage ukun nan da aka ƙone suna girke a filin Maiduguri. Mutanen Gomari sun ga hayaƙinsu da idonsu, kuma ba su da sha'awar sake gani.

Allah Ya zaunar da ƙasar nan lafiya, Ya mai da kowane baƙo gida cikin aminci.